Cif Cream Ya Ciri Tuta a Wankin Tagogin uPVC

Ni dai in ana maganar wanke firam ɗin tagar roba ta uPVC da ya yi dauɗa har ya fita hayyacinsa, ba ni da gwani sai Cif Cream, wannan mai farar kwalba na kamfanin Unilever. Na yabe shi a gida, na yabe shi a majalisa, har abokai sun fara tsokanata wai kamashona nawa ne. Ko sisi ba a ba ni ba, aikinsa ne ya saye ni.

Masu sayar da tagogin nan za su ce maka ba sa tsatsa, gara ba ta cin su, ba ruwanka da fenti. Duk gaskiya ne. Abin da ba sa faɗa shi ne farar roba ba ta rufa wa kowa asiri. A Ingila, inda irin tagogin suka bazu tun shekarun 1980, gansakuka ce ke damun su saboda danshi. Mu namu ya fi haka: hunturu ya shimfiɗa ƙura, hayaƙin janareta ya bi ya manne ta, damina ta zo ta zana baƙaƙen layuka daga sama har ƙasa. Ga kashin ƙadangare, ga ɗakin zanzaro a kusurwa. Omo da ruwa na sama-sama kawai suke ɗaukewa, dauɗar da ta kama jikin robar tana nan daram.

To, a nan Cif yake nuna shi ɗan gaske ne. Ka fara kakkaɓe ƙurar da burushi, ka ɗauraye da ruwa, domin yashin da ya rage shi ke karce roba in an hau gogawa. Sai ka matsa kaɗan a jiƙaƙƙen tsumma mai laushi. Fari ne, kaurinsa kamar na kunun gyaɗa. Ka murza a hankali, kana zagayawa a wuri ɗaya mai faɗin tafin hannu. Wallahi kafin ka ankara tsumman ya yi baƙi ƙirin, wurin kuwa ya fito fari ƙal, har ka ga iyaka tsakanin inda ka goge da inda ba ka kai ba. Wannan iyakar ce ke sa mutum ya kasa tsayawa! Sirrinsa garin alli ne mai laushi ƙwarai da ke ciki, yana kankare datti ba tare da an sa ƙarfi ba. Kusurwoyi da hanyar da gilashi ke bi kuwa, tsohon burushin haƙori ya ishe su. Kada a manta da ƙananan ramukan da ke ƙasan firam ɗin, na fitar ruwa ne, tsinken tsintsiya zai buɗe su.

Inda Cif ya fi burge ni shi ne allon uPVC da ke bin bakin rufi, wanda ake kafa indararo a jikinsa. Shekara da shekaru ba mai taɓa shi, duk ruwan da ya kwaranyo da dattin kwano a kansa yake bushewa. A fara kwashe shara daga indararon, a sami mai riƙe tsani, a kula da wayar wuta. Da sassafe ake yi, don in rana ta buɗe maganin bushewa yake ya bar farin gari. Ana ɗaurayewa a bi da busasshen tsumma, sai ka rantse jiya kafinta ya kafa allon.

Amma Cif yana da iyakarsa. A kan farar roba kaɗai nake sa shi, ban da mai launi ko mai zanen katako, domin fatar samansu siririya ce. Baƙar robar da ke riƙe gilashi ruwan sabulu ya wadatar da ita. Robar da rana ta riga ta mayar ruwan ɗorawa kuwa ba datti ba ne, babu mai dawo da ita.

Don Allah jama'a, a daina kai wa tagogin nan soson ƙarfe, ko tina, ko fetur. Suna kashe sheƙin robar, daga nan kuma ƙura ta sami wurin kamawa. A nemi Cif Cream a manyan shaguna, a gwada a ɗan lungun da ido ba ya kaiwa, sannan a bi sauran gidan. Kuɗinsa halal ne.