Zaɓe Kafin Wa'adi: Abin da Wasan Particracy Ya Manta

Kwanakin baya muna cikin bas daga Samaru zuwa Sabon Gari, wani abokin karatuna ya miƙo min wayarsa yana murna: ya sa an rusa majalisa, an sake zaɓe, kujerun jam'iyyarsa sun ƙaru. Ba a Abuja ba fa, a Particracy ne, wasan siyasa na intanet inda kowa ke riƙe jam'iyya a wata ƙirƙirarriyar ƙasa. Ka kawo ƙuduri, a kaɗa ƙuri'a, in masu rinjaye sun yarda a kira zaɓe tun wa'adi bai cika ba. Da na isa gida Jushi ni ma na buɗe, na yi makonni ina gwadawa.

A yaba wa wasan da abu ɗaya. Yana nuna wa ɗan Najeriya abin da bai saba gani ba, domin a tsarin mulkin 1999 wa'adi shekara huɗu ne, INEC ce ke sa rana, kuma shugaban ƙasa ba ya da ikon rusa majalisa.

To ina matsalar? A yadda na gani, masu zaɓen cikin wasan suna auna matsayar jam'iyya kan dokoki ne kawai. Ba wanda ke tambayar kansa: me ya sa wannan mutumin yake sauri? Ɗan Adam kuwa sai ya tambaya. Masanin siyasa Alastair Smith, a littafinsa Election Timing na 2004, ya ce kiran zaɓe da wuri saƙo ne shi kansa. Shugaba ya fi talakawa sanin abin da ke tafe, don haka in ya gaggauta, jama'a sai su zargi akwai wahalar da yake so a zaɓe shi kafin ta bayyana. Kamar mai tumatir ne da ya karya farashi tun da sassafe: ai sai ka leƙa ƙasan kwandon.

Theresa May ta kira zaɓe a Birtaniya a 2017 jam'iyyarta na gaba da tazara babba a ƙuri'ar jin ra'ayi, ta ƙare da rasa rinjaye. Amma darasin da ya fi kusa da mu yana Nijar. A Oktoban 1994 Shugaba Mahamane Ousmane ya rusa majalisa bayan ƙawancensa ya wargaje. A zaɓen Janairun 1995 'yan adawa suka yi rinjaye, Hama Amadou ya zama firaminista, aka shiga takun-saƙa. Ranar 27 ga Janairun 1996 Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da gwamnatin.

A wasan, in ka faɗi, ka jira zaɓe na gaba, shi ke nan. Ba kuɗin buga takardun ƙuri'a, ba fargabar rikici, ba soja a bariki yana kallo.

Mu da ke aiki da lissafin kwaikwayo a kwamfuta mun san ƙa'idar: abin da ba ka saka a lissafi ba, ba zai fito a sakamako ba. Laifin Particracy ba sauƙaƙawa ba ne, kowane kwaikwayo yana sauƙaƙawa. Laifinsa shi ne ya cire abin da ya sa kiran zaɓe da wuri ya zama caca, wato mai zaɓen da ke tunani a kan niyyarka. Ku buga shi don ku koyi yadda ake ƙulla ƙawance a majalisa, amma kada ku ɗauka ya koya muku halin masu jefa ƙuri'a.