Hoton Gari Sai Ɗan Gari

Wata ɗabi'a ta shigo tsakanin matasanmu a 'yan shekarun nan, kuma ina farin ciki da ita ƙwarai. Yaro zai ɗauki wayarsa, Tecno ce ko Infinix, ya fita bayan la'asar yana zaga gari. Ba aikensa aka yi ba, ba biki aka gayyace shi ba, so kawai yake ya ɗauki hoton garinsu ya sa a Facebook. A da, in ka ga mai hoto to suna ake yi ko ɗaurin aure, ko kuwa fasfo ake nema na makaranta. Mutum ake ɗauka, gari kuwa sai abin da ya leƙo ta bayan kafaɗarsa. Yau garin ne da kansa ake tsayawa a ɗauka, kuma duk ɗan Gwandu ko ɗan Kalgo da neman abinci ya kai Legas ko Fatakwal ya san abin da zuciyarsa ke yi in ya ci karo da hoton hanyar gidansu.

Sai dai ina da magana da masu wannan sha'awa, kuma maganar mai ƙauna ce. Idan ka bi hotunan da ake sakawa, kusan abu guda za ka yi ta gani: allon shiga gari, sabuwar kwalta da fitilunta, rana tana faɗuwa bayan giginya, dawakin hawan salla, ƙofar jami'a. An ƙara musu launi har jar ƙasarmu ta koma kamar an zuba mata manja. Ba sunan unguwa, ba kwanan wata, ba sunan kowa. Na san dalilin. Yaro na son duniya ta ga garinsu bai kasa na kowa ba, wannan kuwa kishi ne mai kyau. Amma titi da ƙofar jami'a ba inda za su je, kuma gwamnati na da masu ɗaukar mata su. Abubuwan da ke ɓacewa daga wannan damina zuwa waccan su ne ba su samu mai ɗauka ba, alhali ɗan gari ne kaɗai ya san inda suke, shi ne kuma kaɗai za a buɗe wa zaure.

A duba Gwandu. Bayan cin Birnin Kebbi a 1805, nan jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka zauna, nan Shehu ya yi shekaru kafin ya koma Sifawa. Ɗansa Muhammadu Bello ya yi wa garin ganuwa a 1806. Da aka raba tafiyar da daula a 1812, yammacinta ya zama a hannun Malam Abdullahi ƙanin Shehu, har ta kai sarakunan Nufe da na Ilori suna bin Gwandu. Hubbaren Malam Abdullahi na nan cikin garin, mutane na zuwa ziyara. Malam Abdullahi ya bar littattafai masu yawa, na tafsiri da fiƙihu da shugabanci, ya kuma ba da labarin yaƙe-yaƙen jihadi a cikin Tazyinul Waraƙat. Amma wanda ke son ya san kamannin garin a wancan ƙarni, ya san yadda kwarinsa yake da abin da ake nomawa a cikinsa, yakan koma ne ga littafin baƙo. Heinrich Barth, Bajamushen da ke kiran kansa Abdulkarim, ya sauka Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi. Sarkin bai yarda sun gana ba. Duk da haka a garin ya samu kwafin littafin Tarikhus Sudan ya kwafi abin da ya iya, ya kuma rubuta labarin itatuwan garin da ayabarsa da albasarsa. Mutumin da ko fuskar sarki bai gani ba, shi ne ya bar mana siffar garin. Wannan abu yana taɓa ni. Kakanninmu suna da uzuri, alƙalaminsu ya tafi ga abin da ya fi muhimmanci a wurinsu, kuma ba su da na'ura. Mu kuwa kusan kowane gida akwai kyamara a aljihun wani.

Tun da Turawa suka mayar da fadar masarauta Birnin Kebbi, Gwandu ta zama gari mai sauyawa a hankali, kuma irin wannan sauyi ya fi wuyar lura. Shigifa ce za ta tsage bana, a rushe ta baɗi a sa bulo da kwano. Rufewa ce, wadda wasu ke kira rumbun ƙasa, za ta faɗi, a ga buhu ya fi sauƙi, ba a sake gina wata ba. Maginin da ya iya jera azara da shafa makuba zai tsufa, ɗansa ya kama kabu-kabu. Ba na zargin kowa da son kwano, domin wanda ya kwana yana tarbar yoyon soro da roba ya san abin da ya sa. Abin da nake roƙo shi ne a ɗauki hoton ɗakin kafin a sa masa diga, ciki da waje, a ɗauki rufin daga ƙasa yadda azarar ta hau juna, a tambayi wa ya gina shi da zamanin wane sarki. A bi tsofaffi su nuna inda ganuwa ta bi da inda kowace ƙofa take, ko da yau gida ne ko gona a wurin. A fita Kambaza da Dalijan da Dodoru da Malisa ranar kasuwa, a ɗauki masu awo da mudunsu, da maƙera, da runji, da raƙuman da suka kawo kaya. A shiga fadama lokacin dashen albasa, a dawo lokacin cira, a ga rudun da ake adana ta.

Kada wani ya ce ai wannan ƙauyanci ne, ba abin nunawa ba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a shekarun 1830, yana cikin gine-ginen da ake alfahari da su a duk Afirka ta Yamma. A shekarun 1970 aka yi sabon gini aka lulluɓe abin da ya rage na tsohon. Da ba don wani masanin gini ɗan ƙasar Polan, Zbigniew Dmochowski, ya riga ya auna shi ya zana ya ɗauki hotunansa ba, da ba a samu yadda za a gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos ba. Idan ginin da ya kai wannan daraja ya kusa salwanta, to ina ga zauren wani malami a Maruda?

Kalgo ita kuma sauyinta da gudu yake. An kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, mazauninta na dindindin yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga babban asibitin da jiha ta gina, ga mahaɗar da motocin Jega da na Kamba ke rabuwa. Gonakin gero sun koma fuloti, fuloti sun koma gidajen hayar ɗalibai da shaguna. Abin da ya dace a nan aiki ne mai sauƙi da ke buƙatar haƙuri: mutum ya zaɓi wuri guda, gindin wata bishiya ko bakin wata kwana, ya riƙa tsayawa daidai nan yana ɗaukar hoto sau ɗaya da rani, sau ɗaya da damina, shekara bayan shekara. Hoto ɗaya daga cikinsu ba zai burge kowa ba. In aka jera goma, sai a ga yadda gari ya ci gona. Haka fadamar shinkafa. Ambaliyar 2020 ta cinye gonaki masu yawa a jihar Kebbi, kuma manomin da ke ba jikansa labarin inda ruwa ya kai zai so a ce akwai hoton da zai nuna masa, da sunan wurin da ranar.

Fati Abubakar ta nuna mana ana iyawa. 'Yar Maiduguri ce wadda ta karanta aikin jinya, da ta ga duniya ba ta san garinsu da komai ba sai bam, ta fara aikinta mai suna Bits of Borno a 2015. Ta ɗauki 'yan makaranta da 'yan kasuwa da amare, kuma abin da ya ɗaga aikin nata shi ne takan tsaya ta yi magana da mutum, ta rubuta ɗan labarinsa a ƙarƙashin hoton.

Wannan tsayawar ita ce ladabin aikin. A garinku kake, kowa ya san gidan da ka fito, don haka ba a ɗaukar mutum a sace. Ka yi sallama, ka durƙusa ka gaida dattijo, ka ce, "Baba, ina son in ɗauki hoton rufewar nan ne don 'yan baya su gani." In ya ce a'a, ka yi godiya ka wuce. Matan aure ba a ɗaukarsu sai da yardarsu da ta masu gidansu, kuma a nan 'yan mata masu wannan sha'awa suka fi mu dama, domin su ke iya shiga cikin gida su ga jeren ɗaki, da saƙar faifai, da surfe, da tsohuwar da ke kaɗi da mazari in har akwai sauranta. A hubbare da maƙabarta a tambayi masu kula da wurin abin da ya halatta. Almajiri da mai bara da mara lafiya suna da mutunci, kada a mayar da halin da suke ciki abin neman yabo a intanet. Kuma da yake zamani ne na rashin tsaro, mutane na tsarguwa da mai ɗaukar hoto, yana da kyau mai unguwa ya san da kai kafin ka fara.

Sai rubutu, wanda shi ne aka fi sakaci da shi. Kowane hoto a rubuta masa wuri da unguwa da rana, da sunan mutumin in ya yarda, da sunan abin kamar yadda mutanen wurin ke faɗinsa. A bar launi yadda Allah ya yi shi, har da farin hazon hunturu, domin shi ma na garin ne. A sani kuma Facebook da WhatsApp suna matse hoto su rage masa kyau, waya kuma takan ɓace ko ta faɗa ruwa, saboda haka a ajiye na asali a wuri biyu, a wanke mafi muhimmanci a takarda. Tsofaffin hotunan da ke cikin akwatunan iyayenmu su ma a fito da su a sake ɗauka, a zauna da Inna ko Kaka ta faɗi wane ne wane tun tana iya tunawa.

Zan so in ga matasan Gwandu da na Kalgo masu wannan sha'awa sun haɗa kai, kowa ya kama unguwa ko ƙauye, a ƙarshen shekara su zaɓi hotuna su baje a makarantar firamare ko filin hakimi, inda waɗanda aka ɗauka za su zo su ga kansu su gyara sunan da aka rubuta ba daidai ba. Bayan nan su kai kwafi ɗakin karatu na jami'ar da ke Kalgo, su aika wani Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, wani kuma Arewa House a Kaduna.