Malama Ba Ta Ce Uffan Ba: Tarken Raha a Kan Fim Ɗin My Octopus Teacher

1.0 Gabatarwa

A watan Satumba na shekarar 2020 ne kamfanin Netflix ya fitar da wani fim na gaskiya mai tsawon minti 85, mai suna My Octopus Teacher, wato "Malamata Oktofus". Pippa Ehrlich da James Reed su ne suka ba da umarni, tauraron fim ɗin kuwa shi ne Craig Foster, wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Afirka ta Kudu. A shekarar 2021 fim ɗin ya lashe kyautar Oscar da ta BAFTA a rukunin finafinan gaskiya. Masu kallo sun rabu gida biyu: wasu sun tashi suna share hawaye, wasu kuma sun tashi suna riƙe da ciki saboda dariya. Har ma a shekarar 2022 shirin barkwancin nan na Amurka, Documentary Now!, ya kwaikwayi fim ɗin a wani kashi mai suna My Monkey Grifter, inda aka sa biri a gurbin oktofus.

Manufar wannan takarda ita ce ta binciko tushen wannan dariya, ta kuma nuna iyakarta. Kafin nan, ya kamata a warware matsalar suna. Wasu masu fassara kan kira wannan halitta "dorinar ruwa", alhali dorina dabba ce daban, mai ƙafa huɗu da ƙaton baki. Wadda ake magana a kanta halittar teku ce marar ƙashi, mai hannuwa takwas, kowane hannu jere da 'yan ƙoƙunan tsotso. Saboda haka an zaɓi a ari kalmar "oktofus" a cikin wannan takarda, kuma an ba ta jinsin mace kamar yadda fim ɗin ya yi.

2.0 Taƙaitaccen Labarin Fim Ɗin

Foster ya bayyana cewa aiki ya gajiyar da shi har ya kasa sauke nauyin iyalinsa yadda ya kamata. Maganin da ya zaɓa wa kansa shi ne nutso kullum a cikin dajin ciyawar teku da ke gaɓar False Bay, kusa da birnin Cape Town, cikin ruwa mai tsananin sanyi, ba rigar roba, ba tukunyar iska, sai numfashin da ya riƙe a ƙirjinsa. A can ne ya ci karo da wani dunƙulen ɓawon kodi da katantanwa, ashe wata oktofus ce ta lulluɓe kanta da su don ɓuya. Daga ranar ya ƙudura ziyartar ta kowace rana, ya kuma yi hakan har kusan shekara guda.

A cikin wannan shekara, ta miƙa hannu ta taɓa shi; ya yar da gilashin kyamara ya firgita ta har ta sauya rami, ya shafe kwanaki yana bin sawunta; wani kifin shak mai zane a jiki kamar kayan barci ya cizge mata hannu guda, hannun ya sake tsirowa cikin kimanin kwana 100; a wani karon ta kuɓuta ta hanyar ɗarewa bayan kifin da ke farautar ta. Daga ƙarshe ta sadu da namiji, ta yi ƙwai, ta zauna gadinsu har ƙarfinta ya ƙare, sannan kifin shak ya ɗauke gawarta. Fim ɗin ya rufe da Foster yana nutso tare da ɗansa, yana cewa ya koyi darasi.

3.0 Mutuntarwa: Wa Ke Magana?

Ɗalibin adabi ya san mutuntarwa, wato a ba wa abin da ba mutum ba halin mutum. A tatsuniya, Gizo yakan yi magana da bakinsa, ya yi ƙarya da bakinsa, Ƙoƙi kuma ta mayar masa da martani. Mai sauraro ya san ƙage ne, domin da an ce "ga ta nan, ga ta nanku" an riga an yi yarjejeniya. Wannan fim kuwa bai buɗe da "ga ta nan" ba. Ya zo ne da rigar gaskiya, amma ya ɗauki kayan aikin tatsuniya ya ɓoye a aljihu.

Idan aka lura da zubin fim ɗin, za a ga cewa muryar mutum ɗaya ce ke jan ragamar labari daga farko har ƙarshe. Foster na zaune a bakin tebur yana ba da labari, hotunan teku kuma suna biyo baya kamar shaidu. In oktofus ta miƙo hannu, murya ta fassara shi da amincewa. In ta ja da baya, murya ta fassara shi da jin an yaudare ta. Kiɗa kuma na gefe yana tuna wa mai kallo lokacin da ya dace ya yi kuka. Ke nan an yi shari'ar soyayya da mai ƙara kaɗai, shi ne lauya, shi ne tafinta, ɗaya ɓangaren kuwa ba ta ce uffan ba.

Nan ne dariya ta farko take. Masana sun tabbatar da cewa oktofus tana ɗanɗana abu da ƙoƙunan hannunta. Wato lokacin da ta ɗora hannu a kan fatar Foster, mai yiwuwa gaisuwa ce, mai yiwuwa kuma tambaya ce irin ta mai cefane: wannan ana ci ko ba a ci? Hoton ɗaya ne, fassara biyu, fim ɗin kuma ya zaɓi wadda ta fi yi wa tauraronsa daɗi. Mai raha ba abin da yake yi face ya ɗauko fassarar da aka yar.

Har ila yau, fim ɗin yana gina tunanin cewa su biyu ne rak a cikin teku. Amma sau da yawa ana ganin Foster daga kai har ƙafa yana iyo, kuma a jerin sunayen ma'aikata akwai Roger Horrocks a matsayin mai ɗaukar hoto. Kaɗaicin da wani ke tsaye yana ɗauka a kyamara, kaɗaici ne mai rakiya.

4.0 Awon Abota

Tun da fim ɗin abota yake da'awa, ya halatta a ɗora shi a kan sikelin abota. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. A wannan fanni Foster ya ci jarrabawa da maki mai yawa, domin samun mutumin da zai ziyarci ɗan'uwansa kullum har shekara guda, cikin sanyin da ke ratsa ƙashi, sai an tona. Sai dai ziyarar ta gefe ɗaya ce. Ba a taɓa ganin ta zo mayar da gaisuwa ba, kuma ba a taɓa tambayar ta ko tana bukatar baƙo ba. Baƙon da ke zuwa kullum ba sallama, ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙe da kyamara, a wata unguwar ba aboki za a kira shi ba.

Babbar jarrabawa ta zo ne ranar da kifin shak ya kai hari. Aminiya na cikin halin mutuwa ko rai, amini kuma na gefe yana daidaita hoto. Hujjar Foster ita ce bai kamata mutum ya tsoma baki cikin tsarin halitta ba. Hujjar tana da ƙarfi a bakin masanin kimiyya, amma a bakin aboki ba ta da daɗin ji. Matsalar fim ɗin ita ce yana son ya ci riba biyu: in ana runguma, Foster amini ne, in haƙora sun fito, ya koma mai bincike. An ce ba a gudu ana susar takashi, amma shi ya gwada.

Abin da ya ƙara wa lamarin armashi shi ne yadda labarin ya juya bayan harin. Ita aka cizge wa hannu, amma shi ne aka zaunar a gaban kyamara yana bayyana irin raunin da ya ji a zuciyarsa, yana kamanta tsirowar hannunta da farfaɗowar rayuwarsa. Ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu, mai ba da labari kuwa wajen son kai akan kama shi: duk abin da ya sami dabbar, sai ya zama aya a kan mutumin.

5.0 Malama da Almajiri

Sunan fim ɗin ma abin dubawa ne. Wakilin mallaka da ke cikinsa, "malamata", ya riga ya nuna wane ne mai labarin. A al'adar karatu, malami ya san yana koyarwa, almajiri yana kai kuɗin Laraba, yana yi wa malam hidima, in ya sauke kuma a yi walima a gode wa malam. Wannan malama ba ta san an buɗe makaranta ba. Tana farautar ƙaguwarta, tana gudun maƙiyanta, ashe duk darasi ne ake rubutawa. Ranar sauka, almajiri ya sami lafiya da suna, fim ya sami Oscar, malama kuwa tuni ta shige cikin kifi.

Darasin da aka ce an koya shi ne a kula da iyali, a kuma san cewa mutum ɓangare ne na halitta, ba ɗan yawon buɗe ido ba. Darasi ne mai kyau. Sai dai mai raha zai lura cewa an ɗauko darasin zumunci daga halittar da ta fi kowa zaman kaɗaici, wadda ba ta san uwa ba, ba ta san uba ba, wadda irinta kan ci junansu in ta kama. Haka kuma, mutumin da ya damu da cewa ya yi nisa da ɗansa ya nemo magani ta hanyar shafe shekara yana ziyartar wata a ƙarƙashin ruwa. Hanyar ta ɓulle, amma zagaye ne mai nisa.

6.0 Inda Dariya Ta Tsaya

Tarke na adalci ba ya tsayawa a zambo. Akwai abubuwan da dariya ba za ta iya rushewa ba. Na farko, wayon oktofus ba ƙagen Foster ba ne. Tana da ƙwayoyin jijiyar tunani kimanin miliyan 500, kuma wajen kashi biyu cikin uku nasu a hannuwanta suke, ba a ka ba. Tana da zuciya uku da jini shuɗi, tana kuma sauya launi da kamannin fata cikin ƙiftawar ido. A shekarar 1999 Jennifer Mather da Roland Anderson sun ba da rahoton halayyar da ta yi kama da wasa a wurin oktofus, a shekarar 2010 kuma wani gwaji a gidan adana halittun ruwa na Seattle ya nuna cewa tana iya bambanta mutum da mutum. A shekarar 2022 Birtaniya ta sa ta cikin dokar da ta amince cewa wasu dabbobi suna jin zafi da daɗi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ce ta gane Foster. Abin da ba a tabbatar ba shi ne ta ƙaunace shi. Tsakanin sani da so akwai tafiya, fim ɗin kuma ya tsallake ta da kiɗa.

Na biyu, haƙurin mutumin gaskiya ne. Foster da ɗan'uwansa Damon sun yi fim ɗin The Great Dance a shekarar 2000 a kan mafarautan San na hamadar Kalahari, daga gare su ne kuma ya ga yadda ake bin sawu. Mafi ingancin sashe a fim ɗin shi ne inda ya mayar da wannan ilimi cikin ruwa, yana karanta alamun yashi da ɓawon da aka huda. A nan murya ta rage fassara, ido ya yi aiki. Abin lura shi ne malaman da suka koya masa wannan da saninsu, mutane ne masu baki, amma ba sunansu ne a kan fim ɗin ba.

Na uku, mutuwarta ba shiri ba ce. Oktofus irin wannan ba ta cika wuce shekara ɗaya zuwa biyu ba, macen kuma takan daina cin abinci yayin gadin ƙwai, ta mutu bayan ƙyanƙyasa. Wannan ba ya bukatar tafinta, shi ya sa ko mai dariya yakan yi shiru a wurin.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa dariyar da fim ɗin ke jawowa ta samo asali ne daga giɓin da ke tsakanin abin da ido ke gani da abin da murya ke faɗa. Ba oktofus ake yi wa dariya ba, mutum ake yi wa, saboda ɗabi'arsa ta leƙa teku ya hango fuskarsa. Amfanin raha a nan shi ne ta tsare haƙƙin wadda ba ta da baki, ta hana a sa mata magana. Ana shawartar ɗalibi ya kalli sashen harin kifin shak sau biyu, sau ɗaya da sauti, sau ɗaya ba sauti, ya rubuta da Hausa abin da ya gani a kowane karo, sannan ya ƙirga kalmomin da ya aro daga bakin Foster ba tare da ya sani ba.