Matasan da ke ɓare dutse har ƙwayar zarra

Duk layin da ka ja da fensir, ɓawon wani baƙin dutse mai suna girafayit ne ke saɓulowa ya manne a takarda. Dutsen hawa-hawa yake, kamar ganyen littafi. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchester a Ingila suka yi ta ɓare shi da salatef har suka kai ga hawa guda mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, wanda ake kira girafin. Aikin ya ba su lambar yabo ta Nobel a 2010.

Sai dai girafin yana da aibi: wutar lantarki na gudu a cikinsa da sauri, amma ba ta tsayawa in an ce ta tsaya. Taransisto kuwa, ɗan makunnin da wayar hannunka ke ɗauke da biliyoyinsa, aikinsa ke nan, kunnawa da kashewa. Shi ya sa hankali ya koma kan wani dutse mai santsi da ake kira molibdinayit, wanda ke jin magana. A 2011 Andras Kis da ɗalibansa a Lausanne ta Suwizalan suka ƙera taransisto da hawa guda nasa. Kaurin hawan bai kai nanomita 1 ba. Sai ka jera kusan 100,000 kafin su kai kaurin gashin kai.

A ɗakunan binciken duniya, matasa masu digiri na biyu da na uku ne ke riƙe da wannan aiki a hannunsu. Ɗaliba za ta ɗora ɗan tsinken dutsen a kan salatef, ta naɗe, ta buɗe, ta sake naɗewa, har salatef ɗin ya yi ƙyalli. Sai ta manna shi a kan faifan silikon mai rufin gilashi na nanomita 300, ta janye a hankali. In ta yi gaggawa, ɓawon ya kekkece. In ta danne da ƙarfi, gam ya ɓata faifan. Daga nan sai zaman duba faifan a madubin ƙara girman abu. Hawa mai kauri yana sheƙi, nan take a gan shi. Hawa guda kuwa inuwa ce kawai, da kyar launinta ya bambanta da na faifan. Sabon shiga zai wuce shi sau goma. Ƙwararriyar ido za ta tsaya cak. Kafin ta yarda da idonta, sai ta haska masa hasken leza ta karanta amsar da ya mayar. Sannan ta shimfiɗa masa siraran layukan zinariya, ta ba shi wuta, ta ga ko zai kunnu ya mutu.

A Abuja akwai inda irin wannan hannu ke samun horo. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Galadimawa, wadda aka kafa a 2007, tana koyar da kimiyyar sarrafa kayan ƙira ga ɗalibai daga ƙasashen Afirka daban-daban, ga kuma cibiyar bincike ta Sheda a hanyar Lakwaja. Mai aikin madubi a nan yana da ƙarin abokan gaba biyu: ƙurar hunturu, wadda ƙwayarta ɗaya kan iya rufe aikin mako guda, da ɗaukewar wuta ana tsakar awo. Wanda ya koyi tsabta da natsuwa a wannan yanayi ya koye su da kyau.

Kakanninmu sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Waɗannan yara ba su tsaya ga dafawa ba, ɓare shi suke yi hawa bayan hawa, kuma wayar da jikokinmu za su riƙe tana iya fitowa daga hannunsu.