Jinjina ga masu gyaran na'urorin wasa a Jos

Wasan ƙattin mutum-mutumi da ke gwabza faɗa ya daɗe: MechWarrior ya fito a 1989, kamfanin FromSoftware na Japan kuma ya saki Armored Core a kan PlayStation a 1997, inda ɗan wasa ke harhaɗa ƙafafu, hannaye da bindigogin na'urarsa kafin ya shiga fage. Amma tsohuwar PlayStation ba ta kai labari a Jos sai da hannun masu gyara na kewayen Taminus. Mai gyara zai kwance ta, ya hure ƙurar hunturu, ya goge idon da ke karanta faifai, ya ɗiga dalma a wayar da ta tsinke. Dalmar nan ma da kuza ake haɗa ta, ma'adinin da ya kafa garin.

Wasu za su ce wasa ɓata lokaci ne, mai gyara kuma yana taya yara shiririta. Ai kayyade lokacin wasa aikin iyaye ne. Yaron da ya tsaya yana kallon yadda ake farfaɗo da matacciyar na'ura kuwa, sana'a yake gani. Idan taka ta mutu, kai wa masu gyara kafin ka jefar.