Jinjina ga Masu Gasa Nama na Tamanrasset

Baƙon da ya sauka Tamanrasset yakan fara da gidan ƙasar da Charles de Foucauld ya gina, inda aka kashe shi a 1916, ko ya hau Assekrem ya kalli duwatsun Ahaggar, ko ya bi ta Outoul zuwa Abalessa don ganin kabarin Tin Hinan. Amma da la'asar ta yi, yunwa kan kai shi wajen mai nama, sana'ar da 'yan uwanmu daga Nijar suka yi fice a kanta har ta zama abin tinƙahon garin.

Waɗannan bayin Allah tun asuba suke mayanka suna zaɓen rago. Su sassaɓe, su barbaɗa gishiri, su jira garwashi ya huce, domin wuta mai harshe ƙona baya take yi ta bar ciki ɗanye. Hayaƙi na cin idonsu, ga sanyin hunturu da ke saukowa daga duwatsu, amma hannu bai daina juya nama ba. Idan ya nuna, a yayyanka ƙanana a takarda, a zuba albasa da yaji.

Direban babbar mota, Buzu da rawaninsa, Balaraben arewa da lebura, duk a teburi ɗaya suke tsayawa. Kuɗin kuwa da yawansa gida yake komawa, ya ciyar da iyali a Tawa ko Maraɗi.

Sannunku da ƙoƙari, Allah Ya sa albarka a sana'a.