Kalma Ɗaya ga Aiki Ɗaya: Hausar Manhaja da Matsalarta

Tun da Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa a ƙarshen 2013, Facebook kuma ya fito da Hausarsa a 2016, muhawara kan kalmomin manhaja ta maƙale a wuri guda: a aro ko a ƙirƙira? Akwai masu ganin duk wanda ya ce kwamfuta maimakon na'ura mai ƙwaƙwalwa ya yi wa harshe zagon ƙasa. A ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Babbar cutar Hausar manhaja ita ce rashin tsayawa kan kalma ɗaya ga aiki ɗaya, ko da daga ina kalmar ta fito.

A dubi editan jaridar intanet a gaban manhajar da yake sarrafa labarai da ita. Yana iya janye labari daga idon masu karatu amma ya bar shi a rumbu. Yana iya jefa shi kwandon shara, inda za a iya maido shi. Yana iya hallaka shi kwata-kwata, ko kuma ya fasa umarnin da ya fara bayarwa. Hausa tana da cire, share, goge da soke, kuma a hirar yau da kullum sukan shiga gonar juna ba tare da kowa ya ruɗe ba. A kan madanni kuwa ba haka abin yake ba. Idan mai fassara ya sa share a wannan shafi da nufin jefawa kwando, ya sake sa ta a shafi na gaba da nufin gogewa har abada, to aikin yini guda na iya salwanta da dannawa ɗaya. Haka buga take: ana buga rubutu da yatsu, ana buga shi a takarda, ana buga shi a jarida, ana ma buga waya. Shi ya sa keɓe wallafa ga fitar da rubutu ga jama'a, da daftari ga wanda ba a kammala ba, ya fi kowace sabuwar ƙirƙira amfani.

Masu kishin tsarkin harshe za su ce aro mai yawa yana cinye harshe. Tarihin rubutun Hausa bai goyi bayansu ba. Littafi, alƙalami da tawada daga Larabci suka zo, kalmar edita kuwa ta zauna daram tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939. Kalmomin da suka karɓu a wannan zamani ma sirrinsu ɗaya: gajeru ne, kuma kunne ya saba da su. Manhaja a da tsarin karatun makaranta ce, shafi na littafi ne, sauke na kaya ne. Doguwar ƙirƙira kuwa, komai daɗinta a bakin mai jawabi, fuskar waya ba ta da wurin ɗaukarta.

Hujjar da ta fi ta masu kishin tsarkin harshe ƙarfi ita ce ta masu cewa a bar abin ya daidaita da kansa, kamar yadda gidajen rediyo, irin su sashen Hausa na BBC da ke aiki tun 1957, suka zaunar da ɗaruruwan kalmomin siyasa da kimiyya ba tare da doka ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin yawan ji ne ke zaunar da kalma. Sai dai mai sauraron rediyo yana da jimla sukutum da zai gane manufa daga cikinta, mai riƙe da waya kuwa kalma ɗaya tilo ke gabansa. Ga kuma abubuwan da baki ba ya warwarewa. Manhaja ba ta san ko namiji ko mace take yi wa magana ba, don haka dole a zaɓi tsakanin ka, ki da ku, ko a tsaya kan umarni tsura kamar shiga da aika. Haruffa masu lanƙwasa ma suna da tasu rigimar: mai neman ƙasa da ya rubuta kasa yana iya rasa abin da yake nema, sannan Nijar na rubuta ƴan inda Nijeriya ke rubuta 'yan, wanda hakan kan raba labarai iri ɗaya gida biyu a rumbu guda.

Irin wannan aiki na zama a yanke shawara ba baƙo ba ne. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta yi shi kan ƙa'idojin rubutu, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Yanzu kowane kamfani da nasa masu fassara da nasa jerin kalmomi. Abin da ya kamata a fara da shi bai taka kara ya karya ba: jeri guda na ayyukan da kowace manhaja ke maimaitawa, irin su adanawa, gogewa, wallafawa, nema da fita, wanda editoci, malaman jami'a da masu fassara daga Nijeriya da Nijar za su amince da shi, a ajiye shi inda kowa zai ɗauka kyauta.